Auna Warkewa da Auduga a Dumega

Gari bai gama wayewa ba muka ɗaura sirdi muka bar Dogon Dutsi, ni da abokin aikina na gidan likita. Likitanmu Anasara ne ya aike mu Dumega duba masu kuturta da ake gwada sabuwar ƙwaya a kansu. Takardarsa gida uku gare ta: ya warke, ya samu sauƙi, ba canji. Wanda aka rubuta ya warke, an yanke masa magani ke nan.

Hanya rairayi ce zalla, ga giginya dama da hagu. A wata ruga muka sha fura da nono na tamma biyu. Abokina ya narka har sai da na tura shi kan doki.

Washegari da hantsi muka isa, aka tara mana marasa lafiya a ƙofar maigari. Abokina ya riƙe alƙalami, duk wanda ya tambaya "ina jiki?" sai mutumin ya ce ya warke sarai. Kai, raina ya ɓaci! Mu Arawa wa ya taɓa jin an kai wa baƙon da ya sha hanya kukan ciwo? Balle wanda ya ba ka magani kyauta, ai kunyata shi ne.

Wata dattijuwa, Inna Kuluwa, ta rantse ta warke, amma hannunta na cikin zane. Na lallaɓa ta, ta fiddo shi. Yatsun duk ƙunar tukunya, wata ma ɗanya.

"Inna, rufe ido. In kin ji taɓi ki faɗi."

Na shafa mata auduga tun daga yatsu har wuyan hannu.

"Ka hwara mana, ɗana," in ji ta.

Tausayi ya kama ni. Na ƙwace takardar, na ce ko za mu kwana uku sai an sake auna kowa da auduga. Abokina ya yi ta tsaki, na yi kunnen uwar shegu da shi. Kwana biyu muka yi, muna cin tuwon hatsi da miyar kuka.

Da muka komo, likita ya ga gidan "ya warke" na takardar ya rame, ya yi ta faɗa da Faransanci. Na tsaya kan bakana har ya sa hannu. Abin da na koyo a tafiyar nan, "ina jiki?" gaisuwa ce, ba awo ba. Ran kasuwa mai zuwa ni zan kai wa Inna Kuluwa ƙwayarta da kaina.