Ruwan da Auta Ta Ɗebo wa Inna daga Tsaunukan Sin

Mu biyu ne mata a ɗakin Inna, ni da ƙanwata da kowa ke kira Auta. Ni ce na yi kolej har aji huɗu, ni ce mai son darasin labarin ƙasa. Har yau ina ganin taswirar da mushenmu, wato malamin ajinmu, ke ratayawa bisa allo, da tsaunukanta da tafkunanta. Auta kuwa gyangyaɗi take yi a aji. Amma da Allah ya tashi rabo, sai ya zaunar da ni nan Madarounfa, kusa da bakin tafki, ita kuma ya ba ta miji, wani Alhaji ɗan kasuwa a Maraɗi, mai sarin kaya daga ƙasar Sin.

Shekarar da ya tafi da ita can, abokin cinikinsa ya kai su kallon wasu tsaunuka. Ina tsaka da tankaɗen gari hotuna suka fara shigowa wayata. Ƙananan kududdufai ne jere a gangaren dutse kamar an jera tasoshi, wannan na tsiyaya cikin wancan. Wani shuɗi, wani kore shar, wani rawaya kamar an jiƙa gangamau. Ga wani tafki da kake hango itacen da ya nutse a ƙasansa, reshe da reshe. Ga ruwa na zubowa daga kan dutse fari fat. Ga kuma Auta tsaye, ta ɗora rigar sanyi bisa hijabi, baki har kunne.

Na rubuta mata “Masha Allah.” Yatsana ne ya rubuta, Allah ya san zuciyata ba ta sa hannu ba. Sai ga muryarta: “Yaya, wallahi kamar an zuba fenti!” Fenti! Ni da na san ma'adinan dutsen da ke ƙasa ne da hasken rana ke ba ruwan launi, ina nan gari ya ɓata mini hannu, ita da ba ta san komi ba tana can tana ce masa fenti. Da yamma na bi ta bakin tafkinmu. Kullum ina son ganin masunta da fararen balbelu, amma ran nan ruwan sai ya yi mini kama da tsararon kunu. Na yi istigfari ya fi a ƙirga, abin bai sauka ba.

Inna tana da wata al'ada. Duk ɗan gidanmu da ya yi tafiya mai nisa, ruwan garin take so a tsaraba. Tana da zamzam, tana da ruwan kogin Yamai, duk a jere bisa kantar ɗakinta. In an kawo, sai ta yi bismilla, ta ɗan taɓa, ta sa wa matafiyin albarka. Idanunta sun yi rauni, hoton waya ba ya yi mata komi. Da na kwatanta mata abin da na gani, sai ta ce in kama mata wayar, ta aika murya: “Auta, ki ɗebo mini shuɗin nan a gora, in gani da idona.”

Ni na san launin ba ya bin gora. Ina riƙe da wayar, magana ɗaya ce zan ƙara. Na yi shiru na aika.

Ranar da Auta ta dawo ta zo gaida Inna, bayan la'asar, matan unguwa sun cika tsakar gida. Ta ba ni gyale mai laushi, ta ce da ta gan shi ni ta tuna. Sannan ta ciro ƙaramar gorar roba daga jaka. Ruwan ciki shuɗi ne. Mata suka ɗau salati, gora na yawo hannu zuwa hannu, Inna ta kai ta dab da ido tana cewa, “Ikon Allah! Na gani, na gani.”

Da ta iso hannuna na karkata ta. Wani abu kamar gari ya kwanta a gindinta. Launin kuma na san shi sarai, duk Alhamis da shi nake ɗauraye farar rigar juma'ar maigidana. Na dubi hannun Auta, gefen farcen babban yatsanta da ɗan zirin shuɗi. Wani daɗi ya taso mini, irin wanda nake kunyar rubutawa.

Inna ta karɓi gorar, ta yi bismilla, ta fara murɗa marfi. Da na so, da na raɗa mata a kunne, ko in ce ta bari sai baƙi sun watse. Sai na ɗaga murya.

“Inna, kar ki sha, shunin wanki ne! Auta, ashe har Sin shunin kasuwar Ɗan Issa suke zuba wa tafki?”

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Maƙwabciyarmu ta ce, “To a sam mini, rigar Malam na nan jiƙe!” Auta ta dubi hannunta, ta ɓoye shi cikin hijabi. Kafin magariba ta shiga mota, furar da na dama mata tana nan rufe da faifai.

Kwana uku ina gaya wa kaina ceton Inna na yi. Ran na huɗu na kai mata abinci, ta ce in zauna.

“Ke, shekara nawa na yi ina wanki kafin a haife ki? Tun da na kai ta ido na gane. Wa ya ce miki sha zan yi? Hannu zan shafa in sa mata albarka. Yarinya ta ɗauko mini ruwa tun daga bangon duniya. Ke mi ya ci miki rai?”

Washegari na nemi izinin maigida na hau mota zuwa Maraɗi.

Na iske ta tana ninke kaya. Ta ce, “Sannu da zuwa, Yaya,” ba ta ɗago ba. Sai can ta faɗa mini yadda aka yi. Ta tsuguna a bakin kududdufin, hannunta na ƙanƙara, ta cika gora, ta ga ruwan fari. Ta ɗauka in ya kwana launin zai dawo. Har Maraɗi yana nan kamar ruwan famfo.

“Inna ta ce tana so ta gani da idonta. Mi zan nuna mata, Yaya?”

Nan na faɗa mata abin da ya fi dariyar muni, cewa tun ranar da Inna ta aika saƙon na san haka za a yi, na ƙi faɗa don ina jiran in ga ta dawo da farin ruwa. Ta daina ninkin, ta daɗe tana kallona.

“Da kin ce kina son zuwa ne, ai da na roƙi Alhaji.”

Na ce ta yafe mini don Allah. Ta ce ta yafe, ta kuma sa aka kawo mini abinci, muka ci tare. Na yarda ta yafe, don Auta ba ta iya riƙo ba. Sai dai sau biyu ta sake tafiya bayan nan, hoto ko ɗaya bai shigo wayata ba. A wayar matar yayanmu nake gani, in ta nuna mini.

Gorar tana nan bisa kantar Inna, kusa da ta kogin Yamai. Shunin ya kan kwanta, ruwan sama ya koma garau. In an yi baƙi, Inna takan ce in miƙo mata ita, ni ce kuma nake girgiza ta kafin in miƙa.