Na Ja Hulata Ƙasa

Ni na yi laifi, ba wani ba. Wata biyu da suka wuce wani mutum mai suna Usman ya yi sallama a gidanmu a Fatakwal, da matarsa da 'ya'ya uku. Hausarsa rabi Larabci ce. Ya ce yaƙi ya koro su daga Sudan, kuma shi jikan Idi ne, ƙanen kakana da ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba. Na ga tsaga uku ƙanana a gefen goshinsa, irin ta gidanmu sak. Na tuna ɗakunanmu biyu ne, mu tara. Sai na ja hulata ta rufe tawa tsagar, na ce ba nan ba ne, ya gwada Anacha.

Maƙwabta suka kai wa Goggo, yayar babana, labari. Ta daina cin duk abin da na sayo, sai kokon da maƙwabciya ke miƙo mata. Ta ce sai ta ji muryar jinin Idi.

Na tashi neman su da asuba a motar albasa da za ta koma Arewa ba kaya. Direban ya ajiye ni a gaba, kan buhunan da aka naɗe. Daga Fatakwal zuwa Oweri na daina ƙirga shingaye da ramuka. A hanya na sayi gasasshiyar ayaba da kifi, tsadarta ta sa na ci har ƙayar.

A Anacha, a kasuwar Ose Okwodu, yaji ya sa ni atishawa kafin in gama gaisuwa. Kowa ya san baƙin, amma kowa da nasa labarin. Wani dattijo mai tattasai ya ce sun koma. Na kusa da shi ya rantse jiya ya gan su. Aka sa ni a keke har bayan masallaci, na tarar da iyali guda, na fara ba su haƙuri. Sai da na yi nisa maigidan ya ce su daga Kamaru suka gudo. Ya ba ni ruwa duk da haka. Na fito ban san ko in yi dariya ko kuka ba. Ladanin ne ya ce na Sudan sun bi wani mai shanu zuwa Inugu.

Washegari na shiga bas. Wata mata ta sayar mini da okpa, wato alalen gurjiya, na yi ta juya ƙunshin har ta nuna mini yadda ake kwance ganyen. A unguwar Uwani ta Inugu na yi yawo har la'asar, ana nuna mini gabas ana nuna mini yamma. Ban ma san me zan ce ba in na same su. Ƙamshi ne ya tsayar da ni: wata mata na soya gahawa a kasko, leburori sun yi layi da kofuna. Matar Usman ce. Usman na gefe yana wanke kofuna, mutumin da aka ce malamin makaranta ne a can Sudan.

Ya shimfiɗa mini kwali, ya zuba mini gahawa da citta. Na kira gida na miƙa masa wayar. Sun daɗe suna magana da Goggo, har na jiyo ta tana cewa a ɗumama mata tuwo. Na ce su taho Fatakwal. Ya ce yara sun fara makaranta, sai dai ziyara da hutu.

Na cire hulata na ajiye a ƙasa. Ya dubi goshina bai yi mamaki ba.

"Tun ran nan na gani," ya ce, "kafin ka ja ta."

Na ce, "Yaya Usman, na san kai ne, na kore ka da yara a tsaye. Ba ni da hujja. Ka yafe mini."