Ƙafar da Ta Daina Ji

Ko tsufa zai kwashe min komai daga kai, ba na jin zai iya kwashe shekarar da ƙafata ta dama ta so raba ni da abincina. A farkon shekarun saba'in ne, ina lebura a wani kamfanin matse man gyaɗa a Bompai. Aikinmu sauke kaya daga manyan motoci, mu biyo ta kan wani dogon katako da buhu a kafaɗa.

Targaɗe na yi a idon sawu, mai ɗori ya ja, kumburi ya sace. Sai ƙafar ta koyi mugun hali: ina tafiya a fili, ba rami ba tuntuɓe, sai ta turguɗe. Ni kuwa da wayona na ƙauye, na samo robar tayar keke na ɗaure ta tamau, na cusa cikin takalmin aiki. Duk da haka wata rana na rikito daga katako, saura ƙiris buhu ya danne wani. Shugaban leburori ya ce, "Ba ƙin ka nake ba, amma ba zan ɗauki alhakin rai ba. In sabuwar gyaɗa ta shigo ba ka iya hawa katako, sai dai ka koma gida." Gida kuwa fari ya cinye gona, ga mata da goyo.

Akwai wani dattijon malamin asibiti a ɗakin shan maganin kamfanin, wanda ya taɓa aiki a asibitin ƙashi. Na je ina sa ran allura. Ya kwance robar, ya sa na rufe ido, ya kama ƙafar yana juyawa a hankali.

"Samari, ciki na karkata ta ko waje?"

"Waje, Malam."

Na buɗe ido, ashe ciki ne. Muka sake, na sake kuskurewa, alhali a ta hagu ban yi kure ba. Wallahi na tsorata, ƙafata ce amma ban san inda ta dosa ba.

"Ƙashinka lafiya lau," in ji shi. "Jijiyoyin da ke kai wa kanka labari ne suka yi barci, kai kuma ka ƙara musu bargo. Tashin su za mu yi."

Maganin da ya ba ni har haushi ya ba ni. Wai kullum in goga tafin ƙafa da idon sawu da soson wanka, in zuba ruwan sanyi da na ɗumi bi da bi. Lokacin hutu in cire takalmi in taka ɓawon gyaɗar da ke jibge bayan injin, in taka yashi, in taka tsakuwa. Bayan kowace alwala in tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango, in na gwane in rufe ido.

"Malam, ba ku da ko ƙwaya ɗaya?"

"Ga ƙwaya can tuli bayan injin, je ka taka."

Abokan aiki suka samu abin yi. Da na ɗaga ƙafa a bakin famfo sai ka ji, "Shamuwa ta sauka, a fito da iri!" Na sha yin zuciya in bari, amma dattijon nan yakan biyo ni da butarsa, ya tsaya gefena shi ma da ƙafa ɗaya yana tangaɗi, har dariyar ta koma kansa. Da farko ɓawon da yashin duk ɗaya nake jin su. Sannu a hankali na fara rarrabewa.

Ranar da motar farko ta sabuwar gyaɗa ta iso, shugaban leburori ya tsaya a ƙasa yana kallo. Na saɓa buhu na hau katako. A tsakiya na taka gyaɗar da ta zube, na ji idon sawun ya fara tafiya. Kafin in ce "Innalillahi", ƙafar ta dawo da kanta ta dafe katako. Na sauke buhun, na zagaya bayan mota na share hawaye.

Da na je godiya, cewa ya yi in je in ci gaba da takawa kawai. Ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa da rahama. 'Ya'yana duk da wannan ƙafar na ciyar da su. Daga gare shi na koyi cewa abin da ya raunana, in ka yi ta naɗe shi saboda tsoro, rauninsa yake ƙaruwa. Sai ka bar shi ya taka ƙasa ya ji.