Gwangwanin da Ya Ba da Shaida a Kaina

Shekara goma sha ɗaya ke nan, in an haɗa da daminar bana, da muka kai Haruna makwancinsa. A Filinge an fi saninsa da Haruna Mai-rediyo, don da gyaran rediyo ya buɗe rumfa a bakin tasha, ko da yake daga baya wayoyin hannu sun ci rabin teburinsa. Taubashina ne, uwarsa ƙanwar babana ce, saboda haka tun muna yara ba mu iya gaisuwa ba sai da tsiya. Ni shofer ne, na yi shekara ashirin da ɗoriya ina jan motar ɗaukar marasa lafiya kafin in ajiye makulli. Ban zo in ce Haruna waliyyi ne ba. Mutum ne mai taurin kai, marowacin magana, kuma sau ɗaya ya kunyata ni a bainar jama'a, na daɗe ban yafe ba. A kan wannan kunyar nake son in yi magana.

Lokacin soja ne, waɗancan da suka riƙe mulki shekara guda da 'yan kai suka miƙa wa farar hula. An ba mu wata mota kwancen Turai, irin masu ƙwaƙwalwar lantarki. Lafiyarta lau ko'ina, sai a hanyar dawowa daga Sanam. In an wuce wata rijiya da tafiyar minti goma, daidai gindin wani tsohon gawo, sai ta mutu. Ba tari, ba hayaƙi. A jira rabin awa, a murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Sau uku ta yi mini haka. Na ukun da mace mai naƙuda a baya, sai a motar 'yan kasuwa aka ƙarasa da ita. Allah ya kiyaye, ta sauka lafiya.

Masu gyara suka yi abin da suka iya. Su ɗora bakin sukudireba a kan inji, su kara kunne a ƙotar, su ce ba su ji komai ba. Gaskiyarsu, don a gareji ba ta taɓa ciwo ba, kamar yaron da zazzaɓinsa ke sauka da ya hango likita. Gwaggona, uwar Haruna, wadda ba ta taɓa barin borin gidansu ba, ta ce ai kowa a ƙasarmu ta Kurfai ya san aljana Doguwa ce a gawon nan, a kai mata baƙin bunsuru a zauna lafiya. Shi kuwa kaftin ɗin da soja suka ɗora a kan sha'aninmu, ba ruwansa da Doguwa. Ya ce ni nake kashe motar da hannuna don in ɗauki kayan 'yan kasuwa a ɓoye, kuma in ta sake tsayawa in kawo masa makulli. Aikin ya dame ni, ina da iyali. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne a ce na tsaya neman abin duniya da mai naƙuda a bayana.

Haruna ya saurare ni yana ɗinke wayar wata rediyo, bai ko ɗago ba. Da na gama ya ce, "Ruwa ba shi tsami banza. Motag ga ta san abin da ka damunta, baki na ba ta da shi. Sai mu sama mata marubuci."

Marubucin nan sati uku ya yi yana haɗa shi. Ya yi saƙon wani ɗan allon lantarki daga Yamai, bai fi kwalin ashana ba, kuɗinsa bai kai na zakara biyu ba. Sauran duk tsince-tsince ne. Ya ciro ƙananan kayan rage wuta daga matattun rediyoyi, don wutar mota ta fi ƙarfin allon, na farko ma da ya gwada ƙonewa ya yi, rumfar ta wuni tana warin roba. Ya sa katin ajiya irin na wayar hannu. Ya cusa komai a gwangwanin madara, ya yi masa shimfiɗa da yankan silifa saboda girgizar hanya. Inji irin wannan yana da 'yan na'urorin da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota halin da ake ciki, masu gyara na ce musu kaptar. Haruna bai yanke waya ko ɗaya ba. Allurar ɗinki ya riƙa sokawa ta bayan mahaɗar wayoyin, ya ja nasa siraran zuwa gwangwani: ɗaya daga kaptar mai jin zafin inji, ɗaya daga mai ƙidaya juyawarsa, na uku daga wayar makulli. Aikin gwangwanin kawai ya rubuta lambobi a katin, ba hutawa, tun daga fita har dawowa.

Da izinin kaftin na fita da ita ba mara lafiya, na je Sanam na juyo. Daidai gawo ta mutu, ban taɓa murna da mutuwar mota ba sai ran nan. Haruna ya zare katin, ya sa a tsohuwar kwamfutarsa, ya kwana biyu yana kwafe lambobi da hannu a takardar kaye, littafin rubutun 'yan makaranta, mai gida-gida, yana jan layi uku. Sannan ya kira ni. Ya ɗora yatsa a layin zafi, inda ya hau a hankali tun daga Sanam, sai kwatsam ya faɗo ƙasa, minti goma kafin layin juyawa ya fara tsalle ya yanke.

"Inji ba shi hucewa haka da kainai," in ji shi. "Mi kay yi mata nan wurin?"

Ban ga abin ɓoyo ba. Na ce na shayar da ita. Haka maigidana ya koya mini tun ina karen mota, haka duk tsofaffin shofofin hanyar nan suke yi: in rana ta take aka iso rijiya, a buɗe gaban mota a sheƙa wa inji bokiti biyu, kamar yadda ake wa doki. Da safe in za ni ba na yi, don akwai sanyi. Tsofaffin motoci sun sha wannan wanka shekara da shekaru ba su ce uffan ba. Haruna ya tashi ya leƙa, ya nuna mini robar da ta rufe mahaɗar kaptar ɗin juyawa, ta tsage siriri kamar gashi. Ruwana ne ke shiga nan, girgizar minti goma ta kai shi kan ƙarfen, mota ta mutu, zafin inji ya busar da shi a rabin awa.

Na ce to, mu gaya wa kaftin robar ce ta tsage, ai ba ƙarya ba ne, a bar zancen bokiti. Ya ce shi bai iya karanta rabin takarda ba. Na tuna masa da zumunci, na ce ko bawana ne shi a wasan taubasai, yau ni ne nasa. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

A gaban kaftin da ma'aikata kusan goma ya shimfiɗa ta, ya bi layi-layi, har bokiti biyun bai rage ba. Aka fashe da dariya. Kaftin ya ce rashin sani ya fi dare duhu, amma jahili ya fi maƙaryaci, in koma bakin aikina. Daga ran nan sunana ya koma Mai-bokiti a tasha, har yau akwai masu kira na da shi. Gwaggo da ta ji, ba ta ja da ɗanta ba, cewa kawai ta yi, "To, wa ya tsaga robar?" Ni kuwa na ɗauke wa Haruna gaisuwa tun daga shuka har aka kai gero rumbu. Bai zo biko ba, ni ma ban je ba, sallar layya ce ta haɗa mu a kan akushi ɗaya.

Yau soja sun sake dawowa, kuma hanyar Sanam ba a bin ta yadda aka ga dama kamar da. A Yamai na ga samari suna soka wa mota wani abu a ƙarƙashin sitiyari, wayar hannu ta faɗa musu ciwonta nan take. Nakan tambayi kaina me Haruna zai ce. Ina jin zai saya, ya kwance shi a daren farko ya ga cikinsa. Ina jin kuma zai yi musu tsiya, don na ga wanda waya ta ce masa kaptar ta lalace, ya canza sabuwa har sau biyu, bai taɓa tambayar shofer abin da ya yi wa motar a hanya ba. Na'ura takan ce ga inda abu ya faru. Tambayar "mi kay yi" sai mutum, kuma sai wanda bai jin nauyinka.

Ciwon ajali ya kama shi a gonarsu ta wajen Sanam, ni aka tura in ɗauko shi, a wannan motar dai. Rana ta take, yana kwance a baya, numfashi da ƙyar. Da muka zo rijiyar na ji ya ƙwanƙwasa gilashin da ke tsakaninmu. Na rage gudu na waiga a tsorace. Ya ce, "Mai-bokiti, kak ka ba ta ruwa." Muka wuce gawo ba ta ko yi tari ba. Kwana huɗu ya yi a gadon asibiti.

Rumfarsa yanzu mai shayi ne a ciki. Gwangwanin ya bi 'yan gwangwan, ba wanda ya san darajarsa ranar rabon kaya. Takardar ce gwaggo ta ba ni, na jefa a akwati ban buɗe ba, don na ɗauka na san abin da ke ciki. Sai da na ajiye aiki nake neman wasu takardu na ci karo da ita. Layin zafi da na juyawa da fensir ya ja su. Na ukun, na makulli, da jan biro ya ja shi, ya maimaita har ya kusa huda takardar, miƙe sambal tun daga Sanam har gindin gawo, shaidar cewa hannuna bai taɓa kashe motar ba. Wannan layin ne kaftin ya duba ya wanke ni daga zargi, ya bar mini aikina. Ina tsaye a wurin ran nan, idona na kan layin da ya ba ni kunya, ban ga wannan ba sai da mai jan sa ya shekara tara a ƙasa. Allah ya jiƙan Haruna. Ban taɓa ce masa na gode ba.