Tattabarun da Ba Su Gudu Ba

Ni dai tun farko ban ƙaunaci tattabarun Baba ba, gara in faɗa tun yanzu. Kashi a kan shanya, kashi a bakin randa, ka ɗan yi sake ka tsinci gashi a miya. Tun da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa ya mayar da bayan gidanmu na Fadikpe garinsu, ya jera tukwane a saman katanga, kowace tukunya mata da miji. Ni kuwa aikin jinya nake yi a wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, na dawo gida da zama bayan rasuwar Inna don in kula da shi. In wuni ina yi wa mutane wa'azin tsabta, in dawo in tarar da mahaifina zaune a kan turmi, tsuntsu yana taka masa hula.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rabon abincinsu. Masu kwanci sai ya ƙara musu wake da gyaɗa, ya daka ɓawon ƙwai da 'yar kanwa ya ajiye musu gefe. Waɗanda suka fara sauka daga tukunya jiƙaƙƙen gero yake ba su, wai bakinsu bai yi ƙwari ba. Tsofaffi kuwa sai ya kori sauran ya tsare su da sanda har su ƙoshi.

“Baba, tsuntsu fa tsuntsu ne,” in ce masa. “Ka watsa musu dawa kowa ya tsinci rabonsa mana!”

“Uwata,” haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa na ci, “ke a asibitinku jariri da tsoho kwano ɗaya kuke ba su?”

A cikinsu akwai wasu biyu da yake ji da su, farare masu jan wuya, gashi har kan yatsun ƙafa. Inna ce ta sayo kakanninsu a kasuwar Kuta shekarun baya. Kyanwa ta ci wasu, shaho ya ɗauki wasu, har irin ya rage su biyun nan a tukunyar ƙarshe, ta kusa da bishiyar gwaiba.

Da daminar wata shekara taifot ya kwantar da Baba mako uku. Zazzaɓin ya sauka, amma cin abinci ya gagara. Kunu, fate, shayi, duk sai ya kau da kai. Ina kallonsa yana ƙarewa a kan katifa, na rasa yadda zan yi. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Kuta mai sayar da doya, ta leƙo duba shi ta ce, “Nas, ka dafa masa romon ɗan shila, zai ci. Ga su nan cike da gidanku.”

Ranar ba ni da aiki. Da hantsi na zagaya baya na watsa dawa, na kai hannu, gaba ɗaya suka tashi fir suka jeru a kan kwanon rufi suna kallona. Na sake, suka sake. Raina ya ɓaci. Na jawo turmi na taka, ina bin tukwanen ɗaya bayan ɗaya, babu ɗan shila ko ɗaya da ya isa yanka. Sai a ta ƙarshe na tarar da wani babban namiji a bakin tukunya. Bai tashi ba. Ya kumbura, ya kai mini duka da fiffike, na cafke shi na kife da kwando. Ban gama gyara ɗaurin zane ba sai ga macen ta sauko daga kan kwano ta faɗa tukunyar. Na ce yau na tashi da sa'a, na sake hawa na damƙo ta.

Na ga fararen nan ne. Ba zan ce ban gani ba. Na ce a raina su suka fi ƙiba, kuma ran Baba ya fi tsuntsu. Abin da ban yi ba shi ne leƙa cikin tukunyar.

Na kai wa wani maƙwabci ya yanka. Na dafa da citta da masoro da kanumfari da 'yar daddawa, gidan ya ɗauki ƙamshi. Wallahi Baba ya tashi zaune da kansa. Ya shanye romon tas, ya tsotse ƙasusuwan, gumi yana keto masa, yana ta sa mini albarka.

“A kasuwa kika samo?”

“Ci dai, Baba,” na ce.

Washegari da safe ya ji ƙarfi, ya dogara sanda ya fito tsakar gida, karo na farko cikin mako uku. Ya watsa hatsi yana bin su da ido. Na ga ya sake bin su daga farko. Sai muka jiyo wata 'yar tsuwa siririya daga wajen gwaiba.

“Sauko mini da tukunyar can.”

Na sauko da ita. Jariran tattabaru biyu ne a ciki, a kan 'yan tsinkaye, tsirara, sai ɗan gashi rawaya jefi-jefi, baki ya fi kai girma. Jikinsu ya yi sanyi. 'Yar jakar nan ta ƙasan wuya, inda abinci yake taruwa, ta yamutse kamar ledar da aka zazzage. Baba ya daɗe yana kallonsu.

“Iyayensu na ci jiya?”

Na ce su ne.

Da ma ya zage ni, da na ji sauƙi. Cewa kawai ya yi, “Ai dole ki kama su da sauƙi, Uwata. Suna da 'ya'ya, ina za su gudu?”

Ya zauna a kan turmi ya sa su cikin hularsa, ya yi mini bayani a hankali kamar ba ni na yi ɓarnar ba. Ya ce kwanakin farko wani farin abu mai kama da kindirmo iyayen suke amayo musu daga wuya, kuma da a lokacin ne, babu dabara. Amma waɗannan sun kai kwana shida, an fara haɗa musu da hatsi, ana iya cetonsu. Ba za a kai su wata tukunya ba, masu ita za su tsattsage su. Sai dai mutum ya tauna jiƙaƙƙen gero da gyaɗa da ɗan gwaiduwar dafaffen ƙwai, ya riƙe a baki, ya sa bakin ɗan tsuntsun tsakanin leɓɓansa ya zuƙa. Ya sha yi a da. Yanzu turamen haƙoransa sun zube, ga bakin duk gyambon zazzaɓi.

“Ke za ki tauna musu.”

“Ni? Bakin tsuntsu a cikin bakina? Haba Baba! Ka san cututtukan da ke jikin abin nan kuwa?”

Na tsaya a kansa na yi masa lacca, ni mai ilimi. Na shiga ɗaki na ɗauko sirinji, na dama koko tsararo, na ɗauki babban na ɓare masa baki.

“Ba a buɗe musu baki,” in ji Baba. “Su suke zira nasu su ja. Za ki shaƙe shi.”

“Bakwaini nawa na ciyar da hannun nan? Ka bar ni da aikina.”

Na danna. Kokon ya fito masa ta hanci. Ya miƙe wuya sau biyu, ya saki jiki a tafin hannuna. Ko minti ɗaya ba a yi ba.

Baba bai dube ni ba. Ya jawo kwanon geron da ya sa na jiƙa, ya ɗiba ya zuba a baki, ya shiga murzawa da dasashi. Geron yana zubowa a gemunsa, yana runtse ido don zafi. Tsohon da jiya ko cokali ba ya iya riƙewa da kyau. Kunya ta rufe ni, na karɓe kwanon na durƙusa a gabansa.

Ɗanyen gero ba daɗi, garɗinsa kamar ƙasa. Na tauna har ya yi laushi, na ɗauki ƙaramar, na kai bakinta gefen leɓena. Ta laluba, ta zira, sai na ji tana ja da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba, 'yan fukafukanta suna karkarwa. Hawaye suna zubo mini, ban iya sharewa ba saboda hannuwana biyu suna riƙe da ita. Baba ya taɓa jakar wuyanta da yatsa ya ce, “Ya isa. In ta cika tam abincin zai yi tsami. Sai ta sauka ki ƙara.”

Hutu na ɗauka a wurin aiki, na ce mahaifina nake jinya. Sau huɗu a rana nake yi mata ɗura, tana kwana cikin ƙwarya da tsumma kusa da murhu. Baba yana kan tabarma yana ba da umarni. Mako na biyu ya ce in rage tauna, in bar ƙwayoyin da ɗan jikinsu. Da gashi ya rufe ta ya sa na ɓarza dawa na zuba a faifai, ina ƙwanƙwasawa da farce kamar mai tsattsaga, har ta kwaikwaya. Ruwa ma sai da na tsoma mata baki sannan ta gane. Ranar da ta fara hawa katanga ya yi murmushi, ya ce in bar jiƙo, ta isa cin busasshe.

Ya warke sarai, ya ƙara shekara biyu a duniya. Bai taɓa tayar da maganar ba. Amma daga ranar nan ban sake miƙa masa kwano mai nama ya karɓa haka kawai ba. Ko na saniya ne, ko kifi, sai ya riƙe cokali ya tambaya a hankali, “Uwata, na mene ne? A ina kika samo?” Ba da faɗa ba. Sai na amsa sannan ya ci. Duk lokacin da ya tambaya ji nake kamar in nutse, kuma duk lokacin sai in ce gobe zan durƙusa in ce ya yafe mini. Girman kai ya hana ni. Na ɗauka wahalar da na sha a kan 'yar tsuntsuwar ta isa ta faɗa masa. Wata safiya ya tafi, ban ce ba.

Tattabarar tana nan, shekararta tara. Ta haɗu da wani baƙin namiji, 'ya'yansu duk rodi-rodi suke fitowa, farin nan mai jan wuya na Inna daga kanta ya ƙare. Yanzu ta daina ƙwai, ido ɗaya ya yi hazo, matasa suna ture ta a wurin ci. Kullum da safe kafin in tafi aiki nakan jiƙa mata gero a kwanon Baba, in zauna a kan turmi da sandarsa ina korar sauran har ta ƙoshi.

Wani lokaci idan ta gama sai ta hau kafaɗata, ta laluba gefen bakina kamar da. Nakan bar ta. In ce, “Baba, a tukunyar ƙarshe na samo. Ka yafe mini.” Ita kuwa sai ta ga babu komai a bakin, ta sauka ta je ta sha ruwa.