Dogon Numfashin Boyi Mai Nutso

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Illela ranar Lahadi ya san Boyi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai faɗin ƙirji a layin 'yan kifi, da kwandunan bandar tarwaɗa a gabansa, yana ciniki da mutanen Konni kamar mai yi musu faɗa. Amma ba da kifi ya yi suna ba. A Kalmalo aka haife shi, a bakin tafki, kuma tun yana saurayi ake ce masa Mai Nutso. In taru ya sarƙe a kututture can ƙarƙashin ruwa, shi ake kira. Sai ya tuɓe riga, ya cika ƙirji da iska, ya ɓace. Mutanen gaɓa su yi ta kallon ruwa har su fara salati, sannan kansa ya ɓullo yana dariya.

A irin wannan nutso ne Kubra ta fara ganinsa. Tarun mahaifinta ne ya maƙale, ita kuma ta zo wanki. Ranar Boyi ya daɗe a ƙasa har wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka, sai ga shi ya fito da bakin tarun a haƙoransa. Shekara ba ta zagayo ba aka ɗaura musu aure.

Tun daga nan labarin ya zama na Kubra. Ba baƙon da zai sha ruwa a gidansu bai ji shi ba. Shi kuwa gogan sai ya ɓata rai ya ce, "Ke dai ba ki gajiya," amma ba ya tashi daga wurin sai ta kai ƙarshe. Da ruwan tafki ya ja baya, gwiwoyi kuma suka fara ƙara, suka dawo Illela ya kama sayar da banda. Kwale-kwale ya tafi, ƙarfi ya tafi. Abin da ya rage masa na zamaninsa shi ne wannan labari a bakin matarsa, kuma Allah ya sani ba ya haɗa shi da komai.

Sai hawan jini ya kama Kubra. Ga ciwon kai, ga bugun zuciya, ga saurin fushi da ba halinta ba. A ƙaramin asibitin unguwa aka ɗora ta kan magani, kuma a nan ta haɗu da Na'ima, wata ma'aikaciyar lafiya da ba ta kai 'yarsu ta fari shekaru ba. Na'ima ta je wani horo a Sakkwato ta koyo abin da ake kira yoga. Kowace Alhamis da hantsi tana tara mata masu hawan jini a ƙarƙashin dogonyaron bayan asibiti, ta shimfiɗa musu tabarmi. Ta faɗa musu tun farko cewa ba addini ba ne nata, kuma ba ya maye gurbin ƙwaya. Miƙa gaɓoɓi ne da sanin yadda iska ke shiga da fita. A zauna a miƙe baya, a sa tafi a ciki, a ja a ƙirga huɗu, a saki a ƙirga shida.

Wata biyu Kubra ta canza. Fuskarta ta saki, dariyarta ta dawo. Da wani mijin ne, da ya gode wa Allah ya yi shiru. Boyi ma ya gode, amma shirun ne ya gagara, domin yanzu kowace magana a gidan da "Malama Na'ima tac ce" take farawa. Yana ganin matarsa a tsakar gida ta toshe hanci ɗaya da yatsa tana ja da ɗayan, ko ta durƙusa tana gantsare baya kamar kyanwa ta tashi barci, sai ya yi tsaki ya wuce.

Ranar da abin ya kai masa iya wuya, wani abokin cinikinsa ne ya zo daga Konni da iyalinsa. Aka ci aka sha, Boyi ya gyara zama, ya ɓata rai tun kafin a fara, yana jiran labarin nan na taru a haƙora. Kubra ta buɗe baki, sai ta shiga ba matar baƙon labarin Na'ima. Har suka tashi ba a ambaci Kalmalo ba.

Kishi ne, ba wani suna da za a ba shi. Dattijo mai jikoki yana kishin yarinyar da bai taɓa yi wa magana ba.

"Wai ɗiyag ga mi tas sani ga lumfashi?" ya ce da baƙin suka fita. "Ta taɓa shiga ruwan da yaf fi guiwatta? Huɗu! Ni da ni ka kai ɗari biyu ƙasan ruwa, ina cikin gidanga, a tai waje neman mai ƙirga huɗu?"

"Malam, ba iri guda na ba," in ji Kubra.

"Lumfashi guda na. Zamna in gwada miki na ƙwarai."

Ta dube shi, ta ga yadda idonsa ya yi, sai ta ji tausayinsa ta zauna. Ya ɗauko carbinsa don ƙirge. Ya ce ta cika ƙirji ta riƙe, kada ta kuskura ta saki. Ta kai ashirin ta saki, ya ce wannan wasan yara ne. Ta sake. A karo na uku jijiyoyin wuyanta suka tashi, idanunta suka kaɗa, yana cewa "ƙara kaɗan, ƙara kaɗan," sai kawai ta sulale gefe guda a kan tabarma.

Carbin ya faɗi. Boyi ya tallabo kanta yana kiran sunanta da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba. Can ta farfaɗo. Ta lalubo cikinta da tafi, ta ja a hankali, ta saki a hankali, leɓɓanta suna ƙirga shida. Yana kallo hankalinta ya dawo da dabarar yarinyar nan, a kan cinyarsa. Ko a cikin wannan tsoro sai da abin ya sosa masa rai.

Ya samo mai babur suka tafi asibiti. Na'ima ta auna ta, ta ji yadda aka yi, ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, mai hawan jini ba a sa shi riƙe numfashi. Naku na shiga ruwa ne. Mu fitarwa muke koya."

Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Ranar Alhamis ya ce shi zai raka Kubra, wai kada jiri ya ɗebe ta a hanya. Da suka isa bai koma ba. Ya zagaya bayan katanga ya zauna kan wani bulo, yana ce wa kansa inuwa yake sha. Ya ji Na'ima tana ƙirga musu. Can ta ce kowa ta rufe ido ta tuna wurin da ranta ya fi kwanciya. Sannan ta tambaya, "Inna Kubra, ke ina kike zuwa in kin rufe ido?"

"Kalmalo," in ji Kubra. "Maigidana mai nutso na. Shekara ashirin da biyat shina shiga ruwa, duk sa'ad da yan nutse, shi shina riƙe nashi ƙasa, ni ina riƙe nawa bisa tudu. Ban taɓa gaya mai ba. Mutane na yabo nai, ni ko tsoro ni ka ji. To lokacin da kan nan nai ka ɓullowa, in saki iskan nan gaba ɗai, shi ni ka tunawa. In kin ce a saki a ƙirga shida, ni kan Boyi ni ka gani."

Matan suka yi dariya, wata ta ce soyayyar tsofaffi ta fi ta yara.

Boyi bai yi dariya ba. Shekara da shekaru yana jin labarin nan, bai taɓa tambayar me mai tsayuwa a gaɓa take ji ba. Ya lura ƙirjinsa a cike yake tun da ta fara magana, ya riƙe kamar yadda ya saba. Daga bayan katanga muryar yarinyar ta taso, "To, a saki. Ɗaya, biyu, uku..."

Ya waiga dama da hagu, ba kowa. Ya sa tafinsa a ciki, ya bi ƙirgen har shida.