Musunmu da Hajiya Zulai a Kan Kwamfutar Alhaji

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya Zulai ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a jikin mota ina laluben makulli a aljihu.

Danjuma na ofis ɗinmu ne ya kira. Mutumin Bwari ne, Hausarsa ba ta raba mace da namiji, sai ya ce min, "Oga ya rasu." Na ce wane ogan, darakta? Ya ce, "A'a, Hajiya. Hajiyanmu. Da asuba ya tafi."

Na ce masa to. Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan, to. Na shiga gida, na fito, na sake shiga. Maiɗakina tana ta tambayata me na manta.

Yanzu haka ina cikin mota a layinsu a Dutsen Alhaji. Sai an sauko daga Juma'a za a yi jana'iza, ana jiran ɗanta daga Zariya. Na zauna a tabarmar maza, zaman ya gagare ni. Na zagaya layin, na dawo. Shi ne na ce bari in rubuta, ko hannuna ya samu abin yi.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce shugabar sashen kwamfuta a ma'aikatarmu kafin ta yi ritaya. A Zariya ta koyi aikin, tun zamanin da in ka kunna kwamfuta ba abin da za ka gani sai farin rubutu a kan baƙin allo.

Ni bautar ƙasa ce ta kawo ni hannunta. Ban san kowa a Abuja ba, ina raɓe a ɗakin wani ɗan garinmu can Idu, bayan kamfanoni. Kullum a makare nake isowa, takalmi duk jan ƙasa.

Ba ta yi min faɗa ba. Ta tambaye ni inda nake kwana, na faɗa mata. Da mako ya ƙare ta ajiye min makulli a kan tebur ta ce, "Akwai ɗaki a bayan gidanmu. Alhaji ya ce ka zo."

Daga baya Alhajin da bakinsa ya faɗa min, yana dariya, cewa sai da ya gan ni da jaka a tsakar gida sannan ya ji labarina.

Dambun zogalenta na ranar Litinin, duk wanda ya yi aiki a sashenmu ya san shi.

In mun shiga mitin da manya aka yaba wani aiki, sai ta nuna ni da biro ta ce, "Mustafa ne ya yi, ku tambaye shi." In kuma abu ya lalace ita take miƙewa.

Ranar da aka yi min haihuwar fari, kafin dangina su iso daga gida har ta zo asibiti da filas ɗin kunun kanwa, ta kore ni ta ce in je in yi wanka, ina tsorata jariri.

Amma fa ni da ita ba mu taɓa shiri a kan abu ɗaya ba: wace babbar manhaja za a ɗora wa kwamfuta. Ita ce manhajar da ke tafiyar da komai, in babu ita kwamfuta ƙarfe ce kawai. Ni ɗan Windows ne, don ita kowa ya iya. Hajiya kuwa Linux, ba ta da ta biyu.

Lokacin da kuɗi suka shigo gwamnati, aka cika mana ofis da sababbin kwamfutoci masu siraran allo, tsofaffin aka jibge su a sito. Ita ta bi manya har aka ba ta izini, ta kwashe su, ta goge su tas, ta ɗora musu Linux, ta raba wa makarantun ƙauyukan Bwari. Ina taya ta ɗauka ina mita. Nakan ce yaran nan in sun fito neman aiki Windows za a tambaye su. Takan ce, "Su fara taɓa kibod tukuna, sai mu yi wannan maganar."

Shekaru muna wannan. Ta yi ritaya ma ba mu daina ba, sai dai ya koma ta waya.

To watan da ya wuce ta kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Mustafa, kwamfutar Alhaji tana ƙas-ƙas."

Mu biyun mun san ma'anar wannan ƙarar. Hard disk ɗin, inda komai yake ajiye, ya kama hanyar mutuwa.

Mijinta Alhaji Sani safiyo ne, yana cikin waɗanda suka auna filayen garin nan tun yana daji. Ya rasu shekarun baya. Kwamfutarsa tana nan a kan teburinsa a falo, lulluɓe da mayafi, da tsohuwar Windows XP ɗinta. A ciki akwai taswirorinsa, da hotunan iyali, da karatun Alƙur'ani da ya ɗauka da muryarsa a wani azumi saboda jikoki.

Nan muka buɗe sabon musu.

Na ce a kwafe foldodin da ake bukata a wani disk na waje, shi ke nan. Ta ce, "Ka san inda Alhaji yake ajiye abu? Mutumin da na taɓa tsintar makullin motarsa a cikin firij? Gaba ɗayan disk ɗin za a kwafa." Wannan na bar mata, gaskiyarta ce.

Sai batun abin da za a ɗora bayan an sa sabon disk. Na ce Windows 7, tunda an daina kula da XP, jikokinta sun iya ta, firinta za ta yi aiki ba wahala. Ta ce wannan tsohuwar ba ta da ƙarfin ɗaukar 7, kafin ta buɗe an sha shayi an wanke kofi. Kuma filash ɗaya, ɗan abin nan da ake sokawa a kwafi takardu, in ya fito daga shagon buga takardu ya isa ya cika ta da bairos, cutar kwamfuta. Akwai Linux mara nauyi, ita za a sa.

Na ce manhajar taswirar Alhaji ba ta tashi a Linux. Ta ce akwai dabara. Na ce dabarar ke kaɗai kika san ta, Hajiya, ranar da ba kya kusa wa zai gyara?

Ta ce, "Kai mana. To me na koya maka?"

Tun safe wannan maganar take dawo min.

Haka muka yi ta yi. In ina cikin goslo a hanyar Kubwa sai in ga saƙonta, ta samo wata sabuwar hujja. Ni ma in na samu tawa ba na jira. Har 'yarta Hauwa, wadda take aikin lauya, ta gaji ta ce, "Mama, don Allah ku bari in sayo laftof sabuwa a huta." Ranar ce kaɗai muka haɗa kai, ni da Hajiya, muka taso mata a tare.

Abin da ya riƙa damuna shi ne jinkirin. Hajiyar da na sani in ta ji disk yana wannan ƙarar ba ta kwana ba ta kwashe kayan ciki ba. Amma duk ranar da na ce zan zo, sai ta ce mu fara gama magana.

Asabar ɗin da ta wuce na ƙi jira, na tafi da sabon disk da kayan aikina.

Na same ta a falo, ƙafafunta sun ɗan kumbura, ta ɗora su a kan filo. An ɗauke wuta, Hauwa ta tayar mana da janareta. Na zaro filash zan fara aiki, sai Hajiya ta ce, "Dakata. Kunna ta yadda take tukuna."

Na kunna. Kwamfutar ta daɗe tana nishi tana ƙas-ƙas, har na fara jin tsoro. Can sai ga sunan Alhaji ya fito, sannan allon ya buɗe.

Hoton da ke kai na Hajiya ne. Tana gonarsu ta hanyar Bwari, riƙe da wata ƙatuwar doya, ta haɗe rai don ba ta son a ɗauke ta. Foldodi kuwa ko'ina, wasu a kan fuskarta, wasu a kan doyar, wata sunanta "sabo", wata "sabo sabo", wata "kar a taɓa".

Hajiya ta jawo kujerar Alhaji ta zauna. 

Sai ta ce, "Mustafa, ba na son taka, ba na son tawa. So nake in na kunna in same ta haka."

Na ce, "Hajiya, to duk musun nan fa?"

Ta ce, "Ai muddin muna musu ba za ka goge ta ba." Ta gyara mayafinta. "Kwamfutocin da na goge a rayuwata ba su ƙirguwa. Wannan na kasa. Kuma na ji nauyin in faɗa maka, bayan duk cika bakin da na yi."

 Na ce to a bar wa Alhaji XP ɗinsa. Mu kwafe disk ɗin yadda yake zuwa sabon, kada ta sake shiga intanet, kada kowa ya soka mata filash. Ta ce haka za a yi.

Muka tashe ta da Linux daga filash ɗina muka fara kwafa. Hajiya tana gefena tana gyara min abin da nake bugawa, kamar yau na zo bautar ƙasa. Aiki ya yi nisa sai ya cije, ya iso wurin da disk ɗin ya lalace. Ya matsa kaɗan, ya sake tsayawa. La'asar ta yi, na ga ta gaji, numfashinta yana yin sama.

Ta ce in tafi da kwamfutar gida in bi ta a hankali, kada in matsa mata.

Ta rako ni har bakin get duk da na hana ta. Ta sa Hauwa ta tsinko min gwaiba a leda. Ina rufe but ɗin mota ta ce, "Kada ka gyara masa foldodin nan, na san halinka. Ka bar masa hargitsinsa."

Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Kwanaki na yi ina lallaɓa disk ɗin. In na dawo daga ofis nan nake fara dubawa kafin in cire takalmi. Wasu hotuna kaɗan ba su fito ba, wurinsu ya riga ya mutu. Sauran duk sun tsira. Ranar Laraba na sa sabon disk na kunna, ta tashi shiru ba ƙara, ga sunan Alhaji, ga doya.

Na kira ta nan take. Na ce ta saurara, na kara wayar a jikin sifika na kunna karatun Alhaji. Na bar shi ya kai ƙarshen sura. Sannan na mayar da wayar kunnena.

Can ta ce, "Da me ka kwafo?"

Na ce da Linux, Hajiya.

Ta ce, "To a shaida." Muka yi dariya. Ta ce in kawo ta ranar Asabar, in zo da yara.

Gobe ce Asabar ɗin.

Kwamfutar tana cikin but ɗin motar nan da nake zaune. Tun jiya da yamma na saka ta don kada in manta. Ɗazu na fita na buɗe, na tsaya ina kallonta, na rufe. Mutane suna ta shiga da fita, wa zai ga mutum ya kinkimo kwamfuta ya shiga gidan rasuwa? In koma da ita gida kuma, zuciyata ta ƙi.

Na samu ganin Hauwa a soro na yi mata gaisuwa. Ta ce bayan sallar asuba Mama ta ce ƙirjinta ya riƙe, kafin su kai asibiti rai ya yi halinsa. Ta yi ta maimaita kalmar shahada a mota.

Har na juya sai ta kira ni. Ta ce, "Yaya Mustafa, jiya fa sai da ta sa na goge teburin Baba, na wanke mayafin na goge shi da ayan. Ta ce ba za a dawo da ita kan ƙura ba."

Na ce mata in an yi sadakar uku zan shigo da ita in haɗa da hannuna. Ta gyaɗa kai. Daga nan na fito.

Ga ladan ya fara kira, bari in je in yi alwala.

Ya Allah ga baiwarka Zulaihatu ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Yadda ta buɗe wa baƙo ƙofa ba ta san shi ba, ka buɗe mata ƙofofin rahamarka. Ka sada ta da Alhaji Sani a Aljannar Firdausi. Ka ba Hauwa da 'yan'uwanta haƙurin wannan rashi, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san ta ko ba ka san ta ba, ina roƙonka kada ka wuce sai ka yi mata addu'a. Waɗanda kuma suka ci dambunta, ko suka fara taɓa kibod a kan ɗaya daga cikin tsofaffin kwamfutocin nan nata, yau Juma'a ce, ku sa ta a cikin sujadarku.